Yadda nake zaɓar hanyar Jos idan hunturu ya kankama

Ni ɗan kasuwar Yankaba ne a Kano, dankalin turawa nake saro wa daga Filato, don haka hanyar Jos ta zame mini kamar zauren gida. Duk da haka, da Disamba ta kama ba na tayar da mota sai na zauna na yi lissafi.

Hanyoyi biyu na fi bi. Ta farko, ka miƙe titin Zariya, ka wuce Kura, a Kwanar Dangora ka karkata hagu, ka bi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka fita Saminaka. Ita ce mai kusa. Ta biyu, ka zarce har Zariya, sannan ka ɗauki Pambeguwa, ku haɗu da waccan a Saminaka. Zagaye ce, tana cin mai, amma garuruwa sun fi kusa da juna a kanta.

Taswirar waya galibi gajerar take nuna maka. Ba ta san hazo ba, ba ta san inda tirela ta kwanta jiya da daddare ba. Saboda haka ana gobe tafiya, bayan La'asar, nakan leƙa tashar Unguwa Uku in nemi direban da ya shigo daga Jos a ranar. Ba ɗan kamasho ba, shi burinsa mota ta cika. Na taɓa tambayar wani dattijo yana goge gilas, na ce, "Baba, sannu da hanya, ya Falgore yau?" Ya ce, "Lafiya lau ɗana, amma in rana ta karkata kada ka shige shi." Na riƙe maganar nan. Dajin doguwar tafiya ce ba gari, wani wurin ma waya ba ta kamawa, in taya ta fashe maka a can kai da Allahnka ne. In na ga ba zan fita daga cikinsa kafin Azahar ba, Zariya nake bi, ko in ɗaga tafiyar.

Sai batun hazo. Ƙurar nan daga can arewacin Chadi iska ke kwaso ta, kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan yi gargaɗi in mai kauri na tafe, gidajen rediyo su sanar. Ran da na fito sallar Asuba na kasa hango fitilar ƙarshen layinmu, sammako ya tashi. Ina jira sai ƙarfe 7 ko 8, gari ya washe. A cikin hazo gajeriyar fitila ake kunnawa. Doguwar dawo maka take yi a ido, ka zama kamar mai tuƙi a cikin garin rogo. In ka ga ganye a jere a kan kwalta, sassauta tun daga nesa, mota ce ta mutu a gaba. Haka hayaƙin ƙonen daji, wanda ya yi yawa a wannan lokaci: kada ka kutsa da gudu, ba ka san shanu ko babur na bayansa ba.

Kwanar Gafan da ke kan titin Zariya kuma, lokacin sanyi ne kakar tumatur, motoci kan cushe bakin titi suna lodi. Shiga a hankali.

Mai nake cikawa tun daga Kano, in duba lagireto da safaya da jak, in ajiye lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a waya. Ina gaya wa uwargida hanyar da na ɗauka, kuma ina kiranta daga Saminaka. Rigar sanyi da bargo kuwa a kujerar gaba suke, ba a but ba, don da ka fara hawan tudun Jos za ka ji sanyin Kano wasa ne.