Yadda ake kama kifin tarpon da fatsar gashin tsuntsu

Tun da na dawo Damagaram daga bakin teku a Gabon, abokaina masu fatsa a tafkin Gidimuni suke ta tambaya: "Malam, yaya ake kama wannan kifin?" To ga shi a jere. Tarpon kan kai tsayin mita 2, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma da jagora ake fita nemansa.

1. Tsaya a goshin kwalekwale ba takalmi, don ka ji in ka taka zare.

2. Zuba ido inda jagora ya nuna. Kifin kan taso ya shaƙi iska, jikinsa na walƙiya kamar azurfa.

3. Jefa ƙugiyar, wadda aka ɗaure wa gashin tsuntsu don ta yi kama da abincin kifi, a gabansa, kada ta faɗo masa a ka.

4. Riƙa jan zaren da hannu kaɗan-kaɗan.

5. Da ya cafke, fizgi zaren da ƙarfi, bakin sanda na kallon ruwa.

Hattara a nan! Mun saba ɗaga sanda sama in tarwaɗa ta ci. Bakin tarpon ƙashi ne, ɗaga sanda ba ya kafa ƙugiya. Haka na rasa nawa na farko, ina kallo ya tofar da ita, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

6. In ya yi tsalle, rusuna ka miƙa masa sandar, zaren ya sassauta kada ya tsinke.

7. Ja shi ta gefe har ya gaji.

8. Cire ƙugiyar yana cikin ruwa.

9. Riƙe shi ta leɓen ƙasa har ya farfaɗo ya ƙwace da kansa.