Yadda ake shuka bishiyar turare daga iri har ta kai katako a Sakkwato

Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, asalinta daga Ostiraliya take, kuma nau'inta ya haura 700. Ba kowane ne ke jure zafin Sakkwato ba. Wanda ya karɓi ƙasarmu shi ne Eucalyptus camaldulensis, mai ɓawo fari-fari da jan ciki, musamman irin da aka samo daga yankunan Petford da Katherine na arewacin Ostiraliya, inda rani ke da tsawo kamar namu. Shuka ta ba wuya, amma samun gangar jiki miƙaƙƙiya da mai yankan katako zai yi sha'awa, a shekaru ukun farko ake gina shi.

Fara da zaɓen uwa. Nemi bishiyoyi biyar ko fiye, dogaye, marasa karkata, waɗanda ba su rabu biyu tun daga ƙasa ba, domin 'ya'ya kan ɗauko halin uwa. Tsinko ƙananan kwanson da suka fara yin ruwan ƙasa, ka shanya a faifai kwana uku zuwa biyar inda iska ba ta kaɗawa. Za su buɗe, iri ya zubo haɗe da wata jar dusa. Kada ka wahalar da kanka wajen raba su, tare ake shukawa.

Lokaci shi ne sirrin aikin a nan. Damina a Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 700 ba. Tsiro na buƙatar wata uku zuwa huɗu a wurin raino, saboda haka ka zuba iri a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Wannan na nufin rainon zai faɗa tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, don haka rumfar zana wajibi ce.

Samu tsohon baho ko akwatin katako ka huda gindinsa. Cika shi da rairayi da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, ka jiƙa. Irin ƙanana ne ƙwarai, sai ka cuɗa shi da busasshen rairayi ka barbaɗa sama-sama, sannan ka yayyafa rairayi ɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai hana iska kwashewa. In ka binne shi da zurfi ba zai fito ba. Ban ruwa da abin feshi za ka yi, safe da yamma. Buta na tono irin, yawan ruwa kuma na ruɓar da wuyan tsiro har ka ga sun kwanta gaba ɗaya cikin dare guda. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su tsiro.

Da sun yi ganye huɗu zuwa shida, mayar da su leda ɗaya-ɗaya da yamma. Haɗin ledar: ƙasa kashi biyu, rairayi ɗaya, ruɓaɓɓen takin dabbobi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ka yi rami da tsinke, ka sa saiwar ta miƙe ƙasa ba tare da ta lanƙwashe ba, domin wadda ta lanƙwashe a leda, iskar farkon damina ce ke kayar da bishiyarta bayan shekaru. Duk mako biyu ka ɗaga ledojin ka sauya musu wuri kada saiwa ta kama ƙasa. Saura mako uku a dasa, janye rumfar sannu a hankali, ka rage ruwa, su saba da rana.

Yanzu maganar wuri, kuma ina roƙo a saurare ni da kyau. Turare na shan ruwa sosai, saiwarta na tafiya nesa, gero da wake ba sa yin kirki a kusa da ita. Kada a dasa ta tsakiyar gonar abinci, ko gefen rijiya, ko jikin katanga. Ware mata fili nata, mai ƙasa mai zurfi, kamar bakin fadamun Rima inda ruwan ƙasa ba ya nisa. A kan jigawar Illela ko Tangaza za ta iya rayuwa ta tare iska, amma kaurin katako zai yi jinkiri matuƙa.

A dasa cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna, tsiro na da tsawon santimita 25 zuwa 30. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, tazara mita 3 kowane gefe, wato kusan bishiya 1,100 a hekta. Yanke ledar, kada dunƙulen ƙasar ya watse, ka danne gefe, ka yi ɗan kwari da zai riƙe ruwa.

Babbar abokiyar gaba ita ce gara, wadda ke cin saiwar ƙaramar turare har ta bushe a tsaye. Tone gidajen gara na kusa tun kafin dashe, kada ka jingina busasshiyar ciyawa da gindin, ka zuba toka da dakakken ganyen dogonyaro a ramin. In ta yi yawa, nemi shawarar malamin gona kan magani. Sai shingen ƙaya saboda dabbobi, nome ciyawa, da share gefen fili a kaka saboda gobara. A ranin farko, ban ruwa sau ɗaya a mako na ceton da yawa.

Daga shekara ta biyu, riƙa sare rassan ƙasa daf da jiki da wuƙa mai kaifi, amma kada ka wuce sulusin tsawon bishiyar. Haka katako ke fita ba kulli. Wajen shekara biyar zuwa bakwai, sare rabin bishiyoyin, karkatattu da raunana, ka sayar a matsayin sandunan rufi da turaku. Kututturen zai sake toho, ka bar ɗaya ko biyu. Miƙaƙƙun ka bar su shekara 15 zuwa 20.

Ranar sara, ka sani itacen na tsagewa da murɗewa in ya bushe da gaggawa. Shafa fenti a bakin kowane gungume nan take, a yanka shi da wuri, a jera katakon a inuwa da 'yan sanduna tsakani, a ɗora nauyi a sama, a bar shi watanni kafin kafinta ya taɓa shi.