Kafin ka sauke giya: kurakuran da ke kashe giyar atomatik a garejojin Kano

Ba a mako guda ba a jawo mini tsohuwar mota da igiya ba, mai ita yana cewa, "Oga, giya ta tafi, nawa ake sayar da Beljiyam?" In na tambayi abin da aka duba kafin a yanke wannan hukunci, sai a yi tsit. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga yaran gareji da masu motoci, shi ya sa na rubuta ta.

Jan da igiyar ma shi ne kuskuren farko. Famfon da ke zagaya mai a cikin giyar atomatik inji ne ke juya shi. In inji a kashe yake kuma ƙafafun gaba suna gudu a kan titi, kayan ciki suna juyawa ne a bushe. Motar da aka ja tun daga Kwanar Dangora zuwa Kano, ko da fulogi ne ya tsayar da ita, tana iya isowa da ciwon giya na gaske. A ɗaga gabanta, ko a ɗora ta a kan motar ɗaukar motoci. Turi kuwa ba ya tayar da atomatik, a daina wahalar da mutanen unguwa.

Sai auna mai, wanda kowa ke ganin ya iya. Toyota irin su Camry da Corolla ana auna su ne inji yana aiki, ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, an zagaya giyoyin duka an dawo P. Honda ba haka take ba: sai ka kashe inji, ka zare ma'aunin cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya auna Honda da ƙa'idar Toyota zai ƙara man da ba a buƙata, man ya yi kumfa, giya ta fara santsi. Ni ba na duba tsayin mai kawai. Ina goga shi a farar takarda, ina sansanawa. Ja mai haske lafiya ne. Baƙi mai ƙauri yana nufin faiba, wato faifayen kulochi na cikin giya, ta soma ƙonewa. In ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, domin bututun man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, kuma sai an magance lagireton kafin a taɓa komai.

Yanzu ga wanda ke ƙona mini rai: "Ai duk ja ne." Wallahi wannan magana ta kashe giya a garin nan fiye da ramukan titi. Launi rini ne kawai da kamfani ya saka don a bambanta shi da man inji. Abin da ya raba mai da mai shi ne yadda yake barin faiba ta kama, kuma kowane kamfani da irin nasa. Honda Accord, daga Baby Boy zuwa End of Discussion da Discussion Continues, wato samfuran 1998 zuwa 2007, man ATF-Z1 aka yi musu, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Ginin giyar Honda ta waɗannan shekarun ma daban yake da na sauran motoci, ya fi kama da na giyar hannu, shi ya sa ba ta yafe baƙon mai. Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV suke sha. Camry Muscle, daga 2007, WS take sha. Galibi sunan man yana rubuce a jikin ma'aunin, ko a littafin motar, amma sai ka ga yaro ya zare shi ya goge ya mayar bai karanta ba, ya ruga ya auno na durom saboda ya fi araha. Haba! Kai da aka ba ka amanar dukiyar mutum? Mako biyu motar ta fara bugu in za ta canza giya, wata uku ta fara rawa a kan hanyar Zariya, sannan a ce ai dama tsohuwar mota ce. Ba tsufa ba ne, ganganci ne. Kuma ko sunan da ke jikin robar daidai ne, a duba hatimin murfin, domin ana sake cika tsofaffin robobi da man banza. Ni duk robar da na juye sai na farke ta da wuƙa kafin in yar. Motar da ke da giyar CVT kuwa, wadda ke aiki da bel ba ta hawa giya mataki-mataki, man ta daban ne gaba ɗaya, kada a kusance ta da waɗannan.

Akwai masu cewa man giya ba a canza shi har abada. Ban yarda ba, musamman a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 ana tsaye a cunkoson Kurna ko Ƙofar Nasarawa da AC a kunne. Al'adata ita ce duk kilomita 40,000 in kwance noti in zubar da abin da ya fito, wajen lita 3 a Honda, in goge garin ƙarfen da ya manne a maganaɗisun notin, in mayar da daidai abin da ya fita. In man ya daɗe sosai, sai in maimaita sau uku, ana tuƙa motar a tsakani. Ba na sa tsohuwar giya a injin wanke mai da ƙarfi. Wasu abokan aikina suna yi, ni dai ba na yi. In kuwa giya ta riga ta fara santsi kuma man yana ƙauri, ina gaya wa mai mota tun kafin in taɓa: Alhaji, sabon mai ba zai dawo da faibar da ta cinye ba.

Kuskure na gaba shi ne sauke giya ba a sa mota a kwamfuta ba. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. In ka ga D tana ƙyaftawa a Honda, ko mota ta maƙale a giya ta uku ta ƙi motsi daga nan, ƙwaƙwalwarta ce ta ga matsala ta kare giyar. Amma a karanta lambar da kwamfutar ta nuna da hankali. P0700 ba ta cewa giya ta lalace, cewa take akwai wata lambar a ɓangaren giya, je ka nemo ta. P0720 tana nuni ga layin sensar gudu, kuma layin ya haɗa da waya da soket. Sau da yawa ɓera ne ya ci waya, ko ruwan wankin inji ya kwanta a soket. Koyil ɗin da ke ba fulogi wuta in yana fashi yana sa mota fizga kamar giya ce. Robar da inji ke zaune a kanta in ta tsage, za ka ji "gam" duk lokacin da ka sa D ko R.

In ta tabbata sai an canza giyar, nan ne aka taɓa jawo mini asarar da har yau nake tunawa. Na bar wani yaro da ya kusa yaye ya ɗaura giya a Camry. Bai zaunar da konbata, wato kaskon da ke haɗa inji da giya, ta shige famfo sosai ba, da ya ga giyar ta ƙi haɗuwa da inji sai ya jawo ta da notuna da ƙarfin tsiya. Ana tayar da mota famfo ya fashe, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Mai kaya ya ce ba garantinsa ba ne, kuma gaskiyarsa. Daga aljihuna na sayi wata. Ku ji da kyau, yara: a zuba mai a konbata, a sa ta a jikin giya, ana juyawa ana turawa har ta faɗa ciki mataki biyu ko uku. In giya ba ta manne da inji da hannu ba, akwai abin da bai zauna ba. A sauke a sake. Noti ba ya gyara abin da ya karkace.

Haka kuma kada a ɗaura wata giyar ba a wanke bututun da ke zuwa lagireto ba. Garin faibar tsohuwar giyar yana nan kwance a ciki, kuma da an tayar da inji zai koma cikin wadda aka saya ya toshe solonoid, masu buɗe wa mai hanya a cikin giya. Wajen saye a Ƙofar Ruwa ma a tafi da lambar da ke jikin giyar, ba sunan mota kawai ba. Big Daddy mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2004 giya huɗu gare ta, U241E, ta 2005 da 2006 kuwa giya biyar ce, U250E, alhali jikin motar iri ɗaya ne. A yi maganar kwanakin garanti a gaban shaida kafin a biya.

Sauran ƙanana ne. Gam da yawa a bakin farantin mai yana ɓallewa ya shiga matata. Fankar lagireto in ta mutu, man giya ma yana dahuwa. Direba kuma ya taka birki mota ta tsaya cik kafin ya tashi daga R zuwa D, in zai ajiye ta a gangare ya ja birkin hannu tukuna sannan ya sa P.