Yadda zaka zaga Istanbul cikin kwana huɗu ka ga abin da ya kamata ka gani

Mutanenmu da yawa suna zuwa Istanbul, wasu saro kaya a Laleli da Osmanbey da Merter, wasu ganin likita, wasu karatu, wasu kuma jirgi ne kawai ya ajiye su a kan hanyarsu ta zuwa wata ƙasa, amma idan mutum ya dawo ka tambaye shi me ya gani sai kaji daga otal sai shago sai ofishin kargo. Wallahi abin yana damuna, domin daga Laleli zuwa Aya Sofiya tasha uku ce kacal a jirgin ƙasa na kan titi, kuma kabarin sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina yana cikin wannan garin. Garin ba wuya gare shi ba, abin da ke kayar da mutane shi ne rashin tsara ranaku, sai kaje wuri ka tarar a rufe ko ka ƙare yini a cikin go-slow. To ga yadda zaka yi.

Mataki na 1: Ka kama masauki kusa da layin T1

Kafin komai ka tabbata bizarka ta fito, ɗan Najeriya ba ya shiga Turkiyya sai da ita. Sannan wajen zaɓen otal kar hoton ɗaki ya ruɗe ka, ka duba taswira ka ga ko yana kusa da layin jirgin titi da ake kira T1, wanda ke tasowa daga Bagcilar ya ƙare a Kabatas. Shi ne ya ratsa Aksaray da Laleli da Beyazit da Sultanahmet da Sirkeci da Eminonu, kusan duk wuraren da zan lissafa suna kan wannan layin ko kusa da shi. Aksaray da Laleli sun fi araha kuma zaka haɗu da 'yan Afirka da yawa, Sultanahmet ya fi tsada amma da ƙafa zaka riƙa fita. Ka kuma duba tikitinka da kyau domin filin jirgi biyu ne a garin, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen kuma yana ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa sosai.

Mataki na 2: Ka sayi Istanbulkart tun ranar farko

Kati ne da ake saye a na'urorin da ke tashoshi, ka zuba masa kuɗi, da shi zaka shiga jirgin titi da na ƙarƙashin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Tasi ka bar shi sai dole, idan kuma ka shiga ka tabbata direba ya kunna mita. Ba zan rubuta farashi da lira ba saboda kuɗinsu yana faɗuwa kuma farashi yana sauyawa da sauri, ka duba a satin da zaka tafi.

Mataki na 3: Ka jera ranakunka bisa ranar da kowane wuri ke rufewa

Wannan shi ne kan maganar, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi, Kapalicarsi, a rufe take ranar Lahadi. Fadar Dolmabahce kuma Litinin ce ranar hutunta. Manyan masallatai suna tsayar da masu yawon buɗe ido idan lokacin sallah ya yi, ranar Juma'a kuma tun da safe har a sauko ba a barin 'yan kallo. Kai da kake musulmi wannan ma gata ne a gare ka, lokacin da ake fitar da 'yan kallo kai lokacin zaka shiga sahu, don haka ka tsara yawonka ta yadda azahar zata same ka a wani babban masallaci la'asar a wani. Ka zauna da takarda tun a gida ka rubuta ranakun da zaka yi, ka soke abin da ba zai yiwu ba a kowace rana, sauran sai su jeru da kansu.

Mataki na 4: Rana ta farko, dandalin Sultanahmet

Ka fito da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna, fili ne da lambu kawai a tsakaninsu.

Aya Sofiya an gama gina ta a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan, ta yi ɗaruruwan shekaru tana babbar coci, da Sultan Muhammad Fatih ya ci garin a 1453 aka mayar da ita masallaci, a 1934 gwamnatin Ataturk, shugaban da ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ta mayar da ita gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da sallah a cikinta. Daga watan Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan yuro 25 kuma bene ake hawa da shi ta wata ƙofa daban, ƙasa an bar wa masallata. Shawarata ka yi duka biyun idan aljihu ya yarda, ka yi sallah a ƙasa, sannan ka hau sama domin daga can ne zaka ga girman ƙubbar da kyau, ka kuma matsa kusa da manyan faifai takwas ɗin nan da aka rubuta sunan Allah da na Annabi (SAW) da khalifofi huɗu da Hassan da Hussaini, kowane faifai faɗinsa ya haura mita 7. Zaka ga hotunan zamanin coci da aka yi da ƙananan duwatsu masu ruwan zinare har yanzu suna jikin bango, na wajen alƙibla an sa musu labule. Kar ka yi sauri a nan, ginin da ya kusa shekara 1,500 a tsaye a garin da girgizar ƙasa ke yawan taɓawa ya cancanci ka zauna ka ɗaga kai ka kalle shi.

Masallacin Sultan Ahmad shiga kyauta ne, an fara gininsa a 1609, hasumiya shida gare shi, cikinsa kuma an lulluɓe shi da tayil sama da 20,000 na garin Iznik. 'Yar uwa ki riƙe mayafinki, kowa kuma zai cire takalmi ya sa a leda ya riƙe abinsa. A gefen masallacin akwai dogon fili inda Rumawa suke tseren keken doki, a nan zaka ga wani dogon dutse mai rubutun Fir'aunonin Masar da aka kafa a wurin a shekarar 390. Idan rana ta yi zafi ka gangara Yerebatan, wato matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina zamanin Justiniyan, ginshiƙai 336 ne suke riƙe da rufinta, akwai sanyi a ciki, minti arba'in ya ishe ka.

Mataki na 5: Rana ta biyu, Topkapi da safe, kasuwa da yamma

Topkapi tana bayan Aya Sofiya, nan ne sarakunan Usmaniyya na Turkawa suka yi mulki kusan shekara 400 kafin su koma Dolmabahce a 1856. Ba gini ɗaya ba ne, farfajiya ce bayan farfajiya, kuma layi yana tsawo, don haka da an buɗe ƙofa ka wuce kai tsaye farfajiya ta uku inda ɗakin amanoni masu tsarki yake, sauran ka dawo musu daga baya. A ɗakin ne aka ajiye kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, akwatin da mayafinsa ke ciki, da takubba, da gashin gemu, da tsofaffin makullan Ka'aba, yawancinsu sun zo ne bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai mahaddaci a zaune yana karatun Alƙur'ani, ana karɓa-karɓa ba a yankewa. Gaskiya ko don wannan ɗakin kaɗai kuɗin tikitin bai tafi a banza ba, ka shiga da natsuwa ka ajiye waya. Bayan nan ka leƙa taskar sarakuna inda wani babban lu'ulu'u mai karat 86 yake, sannan ka je ƙarshen fadar ka tsaya a baranda ka kalli inda tekun Marmara ya haɗu da mashigin Bosforus.

Da yamma ka hau T1 ka sauka Beyazit ka shiga Kapalicarsi. Tun zamanin Muhammad Fatih aka fara ta, shaguna wajen 4,000 a tituna kusan 60 duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda ya saba da lungunan kasuwar Kurmi ba zai firgita ba amma ka riƙe lambar ƙofar da ka shiga. Farashin farko ba shi ne farashi ba, ka taya, idan an ba ka shayi ka sha ba dole sai ka saya ba. Ni a ganina nan wurin kallo ne da ɗan tsaraba, sari na gaske yana waje. Daga nan da ƙafa ka hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya wanda magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, ba shi da cunkoso kamar na Sultan Ahmad kuma ni ya fi kwanta min a rai, kabarin Sultan Sulaiman yana harabar, daga bayan masallacin kuma zaka hango ruwa da hasumiyar Galata da rabin garin. Ka yi magariba a nan.

Mataki na 6: Rana ta uku, ziyarar Abu Ayyub

Idan da Juma'a a cikin kwanakinka to ka ba wannan ranar. Daga Eminonu akwai jirgin titi T5 da ke bin gefen ruwa har unguwar Eyupsultan. Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne wanda raƙumar Annabi (SAW) ta durƙusa kusa da gidansa lokacin hijira, ya fito yaƙin wannan birni zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, ya rasu aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan an ci garin Muhammad Fatih ya gina masallaci a wurin a 1458, kuma a zamanin sarakunan Usmaniyya a nan ake rataya wa sabon sarki takobi idan ya hau mulki. Turkawa suna cika wurin sosai, musamman asubar Juma'a da ta Lahadi, zaka ga iyalai sun kawo yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu saboda bikin kaciya. Ka je da wuri don ka samu sahu a ciki, ka yi sallama ga sahabin ka yi masa addu'a, kar ka tsaya ɗaukar hoto a ƙofa mutane na bayanka suna jira. Idan ƙafa ta yarda akwai ƙaramar motar igiya da ke hawa tudun Piyer Loti ta saman maƙabarta, ka sha shayi a can.

A hanyar dawowa ka tsaya Eminonu ka shiga kasuwar kayan yaji da suke kira kasuwar Masar, ta shekarun 1660 ce, nan ne wurin alewar lokum da busassun 'ya'yan itace da za'afaran, amma shagunan da ke titunan bayanta sun fi sauƙi. A bakin ruwa ana sayar da burodi da gasasshen kifi a ciki, ka gwada.

Mataki na 7: Rana ta huɗu, ka tsallaka Asiya

Masu tallan yawon jirgin ruwa zasu tare ka a Eminonu da takardu a hannu, ba ka buƙatarsu. Da katinka ka shiga jirgin ruwan da mutanen gari ke shiga zuwa Uskudar ko Kadikoy, minti ashirin ko ƙasa da haka ka bar Turai ka shiga Asiya, ka zauna a waje ka sayi shayi da simit, wani burodi mai siffar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, daga kan ruwan ne zaka ga hasumiyoyin tsohon gari sun jeru. Daga Uskudar akwai bas zuwa masallacin Camlica da aka buɗe a 2019, shi ne mafi girma a Turkiyya, yana ɗaukar mutum 63,000. Wajen dawowa kana iya shiga Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku tun 2013.

Sauran yinin ka zaɓi ɗaya, ko Dolmabahce inda Ataturk ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1938, ko hasumiyar Galata ta 1348 da titin Istiklal har dandalin Taksim. Kar ka ce sai ka haɗa duka, ƙafa zata gaza.

Mataki na 8: Ka kula da masu cuta

Garin yana da aminci amma wuraren baƙi ba sa rasa 'yan damfara. Idan mai gyaran takalmi ya yar da burushi a gabanka ka wuce abinka, domin da ka ɗauka ka miƙa masa zai ce sai ya goge maka takalmi don godiya, ƙarshe ya nemi kuɗi mai yawa. Wanda ya tare ka a Taksim ko Istiklal da fara'a yana cewa ku je wani wuri ku sha wani abu, ka ba shi haƙuri, a irin wuraren nan ake kawo wa mutum bil ɗin da ba zai iya biya ba. A cikin T1 da yamma ana matsuwa sosai, jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya. Canjin kuɗi kuma kar ka yi mai yawa a filin jirgi, ka canza ɗan abin da zai kai ka masauki, sauran ka bari sai ka shiga gari wajen Laleli ko kewayen babbar kasuwa inda 'yan canji suke da yawa ka kwatanta farashi. Idan da sanyi zaka je, daga Disamba zuwa Maris, ka tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe wanda ruwa ba ya shiga, domin ana ruwa da iska har dusar ƙanƙara tana sauka wani lokacin, kuma duk wannan yawon da ƙafa zaka yi mafi yawansa.