Kafin ku fita dasa ikkilisiya a sabon ƙauye

'Yan'uwa cikin Almasihu, wanda ke shirin zuwa sabon wuri kada ya tafi shi kaɗai. Yesu biyu-biyu ya aiki almajiransa (Luka 10:1), Barnaba da Shawulu kuma sai da ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya musu hannu, sannan suka tashi. Ku samu mutum biyar zuwa goma a ikkilisiyarku da za su riƙe ku da addu'a kowane mako, dattawa kuma su rubuta tallafin da za su riƙa aikowa duk wata. Alkawarin baki yakan mutu bayan wata uku.

Da kun isa, ku fara gaida dagaci da mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku ba ɓoye-ɓoye.

Kada ku yi gaggawar gini. Ku fara sujada a tsakar gidan mai bi guda, har mutane su kafu. Idan lokacin sayen fili ya yi, a rubuta takarda da sunan ikkilisiya, ba sunan fasto ba, shaidu da duk magadan filin su sa hannu. Rashin hannun magaji ɗaya yana iya tsayar da gini bayan an kai linta.

Ku tafi da sana'a a hannu, ko noma ko ɗinki, kuma ku isa kafin damina ta yanke hanya.