Atisayen kullum na mai busa klarinet: ɗumama baki da hawa sikel

Minti ashirin zuwa talatin sun wadatar, muddin kullum za a yi. Kafin ka haɗa klarinet, abin busan nan mai dogon bututu da maɓallai, jiƙa rid, wato siririn karan nan da ke kaɗawa ya ba da sauti, a baki ko a ruwa na minti ɗaya zuwa biyu. Busasshen rid yakan jawo ƙara mai tsini. Sabon shiga ya tsaya a rid mai lamba 2 ko 2.5, don mai tauri zai sa shi cije bakin busa.

Fara da dogon sauti, minti biyar. Saita metronom, wato na'urar ƙidaya bugu, a bugu 60 a minti, ka rufe dukkan ramuka ka busa sautin E na can ƙasa (da haruffa A zuwa G ake kiran sautuka), ka riƙe shi bugu takwas ba tare da ya yi rawa ba. Sai F, sai G, kana hawa a hankali. Haƙoran sama su zauna a kan bakin busa, leɓen ƙasa ya ɗan lulluɓe haƙora, haɓa ta miƙe, kumatu kada su kumbura. Iskar daga ciki za ta taso, kafaɗu na nan inda suke. In sautin ya zauna, ka fara shi a hankali, ka ƙara ƙarfi cikin bugu huɗu, ka rage cikin huɗu. A nan na'urar auna sauti ke da amfani, domin klarinet kan sauka ƙasa in an busa da ƙarfi, ya hau in an yi a hankali. Amma kada ka yi saurin gyara tsawon bututu: klarinet mai sanyi ƙasa yake bugawa, sai ya ɗumama yake daidaita.

Daga nan sai maɓallin rajista, wanda babban yatsan hagu ke dannawa. A klarinet, wannan maɓalli mataki goma sha biyu yake ɗaga sauti: E ya koma B, F ya koma C, G ya koma D, A ya koma E. Riƙe na ƙasa bugu huɗu, ka taɓa maɓallin da gefen yatsa ba tare da ka buɗe ramin baya ba, kuma kada ka canza kamun baki. In na saman ya ƙi fita, ko dai iska ta yi rauni, ko harshe ya kwanta. Ɗaga bayan harshe kamar mai cewa "ii".

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne tsallakawa daga A ko B filat (wato B da aka sauke rabin mataki) na tsakiya zuwa B na sama. Wajen busa na farko kusan duk ramuka a buɗe suke, a na biyu kuwa dole yatsu su sauka gaba ɗaya a lokaci guda. Yatsa ɗaya ya makara, sai ka ji gibi ko ƙara. Dabarar ita ce ka ajiye yatsun hannun dama tun kana kan G ko A, ya rage hagu kawai ke aiki. Maɓallin A kuma mirgina yatsa ake yi a kansa, ba a ɗaga yatsan a sake saukewa. Yi A zuwa B sau goma a hankali, gaban madubi in da hali, don sau da yawa yatsan zobe ne ke barin rami a ɗan buɗe mai busa bai sani ba.

Yanzu sikel, wato jerin sautuka da ake hawa da sauka ɗaya bayan ɗaya, minti goma. Kada ka bi duka goma sha biyun a guje. Ɗauki ɗaya ko biyu a rana. Fara da F, G da C, sannan masu shaf (sautin da aka ɗaga rabin mataki) da filat da yawa. Busa shi a haɗe tukuna ba harshe, don a nan ne kuskuren yatsu ke fitowa fili. Sannan da harshe a kowane sauti, ƙarshen harshe na taɓa kusa da ƙarshen rid kamar "ti", iska kuma ba ta tsayawa. Sai biyu a haɗe, biyu a yanke. Bayan haka ka yi tsallake ɗaya-ɗaya (C, E, D, F, E, G), ka rufe da sautin sikel na ɗaya, na uku, na biyar da na takwas. Kashi na uku na littafin koyon klarinet na Carl Baermann, wani mai busa klarinet ɗan Jamus, ya tsara irin wannan atisaye a kowane sikel.

Lura da ƙananan yatsu, hagu da dama ake musanyawa. A sikel na E, maɓallin D shaf a dama kaɗai yake a yawancin klarinet, saboda haka B da dama, C shaf da hagu, D shaf da dama. Rubuta wannan da fensir a kan takardarka.

Gudu kuwa, kada ka ƙara sai ka busa sikel sau uku a jere babu tuntuɓe, sannan ka ƙara 4 a metronom. In leɓe ya gaji har iska na fita ta gefen baki, huta minti ɗaya. Da ka gama, cire rid ka goge shi ka sa a gidansa, ka zura ƙyallen tsanewa ta cikin bututun don danshi kada ya lalata matosan maɓallai.