Darasi na Bakwai: Ciwon Ɓarin Kai Mai Naci

Ciwon ɓarin kai daban yake da ciwon kan gajiya. Yakan kama gefe ɗaya, yana sara kamar ana kiɗa a cikin kai, kuma tafiya ko sunkuyo na ƙara masa ƙarfi. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai. Mai shi ba ya son haske, ba ya son hayaniya, sai ka ga ya shige ɗaki ya saki labule. In ba a sha magani ba, yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Wasu kafin ya taso sukan ga wani walƙiya-walƙiya a idonsu na minti 5 zuwa 60.

Ana ce masa mai naci idan kai ya yi ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki da waɗannan alamomi.

Gwajin jini ba ya nuna shi, hoton kai ma ba kasafai ake bukatarsa ba. Ma'aikacin lafiya zai auna hawan jini, ya duba idanu da ƙarfin hannu da ƙafa, sauran kuwa daga bakin mai ciwo zai ji. Don haka lissafin kwanaki shi ne babban gwaji. A sami kalanda, a zagaye duk ranar da kai ya yi ciwo, a ja layi a ƙarƙashin ranar da aka sha magani. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba ya aje gwangwani biyu. Ranar ciwo ya jefa ƙwayar wake a na farko, ranar shan magani ya jefa a na biyu, ƙarshen wata a ƙirga.

Gwangwani na biyun nan ya kamata a fi sa wa ido. Mutane da yawa ba su san maganin ciwon kai kansa yana jawo ciwon kai ba. Wanda ke shan farasitamol, ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata yana cikin wannan haɗari. Kodin da taramadol da ƙwayoyin da aka haɗa da kafeyin (sinadarin da ke cikin goro da shayi) kuwa, kwana 10 ma sun isa. Da maganin ya saki jiki sai ciwon ya dawo, sai a koma kemis, haka za a yi ta zagaye. Mafita ita ce a dakatar da maganin bisa shawarar asibiti. Mako ɗaya ko biyu na farko ciwon zai ƙaru, kuma a nan ne akasari ake karaya, alhali sauƙin yana gaba. Wanda ya saba da taramadol ko kodin kada ya yanke lokaci guda, a hankali ake rage masa.

Ranar da ciwo ya taso, a sha magani da wuri, kada a jira ya yi tsanani. Babba zai iya shan ibufurofen miligiram 400 bayan ya ci abinci, ko farasitamol miligiram 1000. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su guji ibufurofen. A yi ƙoƙari kada shan ya wuce kwana biyu a mako.

Akwai kuma maganin rigakafi da ake sha kullum, ko da ciwo ko babu. Wanda aka rubuta Propranolol a kwalinsa ba a ba mai asma. Amitriptyline da dare ake sha, ana farawa da miligiram 10, yana sa barci da bushewar baki. Ba a yanke wa irin waɗannan hukunci sai bayan wata biyu zuwa uku, kuma in kwanakin ciwo sun ragu da rabi, magani ya yi aiki. Mace ta faɗa wa ma'aikacin lafiya in tana da ciki ko tana nema. Mai ganin walƙiyar nan kuma ta faɗa kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin wani nau'inta na ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ƙetare lokacin abinci, rashin barci, ƙishirwa, ƙamshin turare mai ƙarfi da yawan goro ko shayi duk suna iya tayar da ciwon ɓarin kai.

Amma akwai ciwon kan da ba a zama yi masa lissafi. In ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya irin na sanƙarau, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ya fara bayan shekara 50, ko ya kama mai juna biyu tare da kumburin fuska, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.